Yaƙi da Tsutsa Mai Datse Dankalin Turawa

Ana jan hankalin manoman dankalin turawa a ƙananan hukumomin Bokkos, Mangu da Barkin Ladi na Jihar Filato game da tsutsar nan mai datse shuka. Launinta toka-toka ne, kuma takan naɗe jikinta da zarar an taɓa ta. Da rana tana ɓuya a cikin ƙasa, da dare kuma ta fito ta yanke ƙaramin tsiro daga gindi. Idan ta girma takan huda dankalin kansa, ya rasa daraja a kasuwa.

Wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare ne ke saka ƙwanta a kan ciyawa. Don haka a nome gona, a kafce ta aƙalla mako 2 kafin shuka, domin rana da tsuntsaye su hallaka tsutsotsin. Duk inda manomi ya ga tsiro ya faɗi da safe, ya tona gindinsa da yatsa, galibi zai same ta a nan, ya kashe.

Feshin tsakar rana asarar kuɗi ne, tunda tsutsar tana ɓoye. Idan ɓarna ta yawaita, a yi feshi da yamma a gindin shuka, bayan an nemi shawarar malamin gona kan irin maganin da adadinsa. Ana roƙon masu unguwanni su isar da wannan bayani ga jama'arsu.