Barikin Bayard: bayin jiya suna gadin zinariyar wasu

A shekarar 1860 aka gano zinariya a Pinos Altos, cikin duwatsun kudu maso yammacin New Mexico a Amurka. Kan ka ce kwabo masu haƙa sun cika wurin, kuma ba wanda ya nemi izinin ƙabilar Apache, alhali ƙasarsu ce tun kaka da kakanni. A Satumban 1861 Apache suka far wa garin. A Janairun 1863 aka yaudari jagoransu Mangas Coloradas da sunan sulhu, aka kama shi, sojoji suka kashe shi yana tsare. Wa zai ƙara yarda da zancen sulhu bayan wannan?

Domin tsaron mahaƙan aka kafa barikin Fort Bayard a Agustan 1866, aka raɗa masa sunan Janar George Bayard wanda ya mutu a yaƙin basasar Amurka. Abin lura shi ne waɗanda suka kafa shi: sojoji baƙaƙen fata ne, da yawansu ba su daɗe da fita daga ƙangin bauta ba. Mutanen da jiya ake sayarwa a kasuwa, yau su ne riƙe da bindiga suna gadin dukiyar Turawa a ƙasar da aka ƙwace wa wasu. Kwana a bukkokin gungume da tubalin laka, rakiyar ayari, bin sawun mahara cikin duwatsu: aikin ke nan.

Cikin baƙaƙen sojojin da suka yi aiki a nan har da mace. Cathay Williams ta yi shigar maza ta shiga soja da sunan William Cathey, ta yi aiki a wannan bariki kafin asirinta ya tonu a sallame ta a 1868. Kofur Clinton Greaves kuwa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka ya samu, saboda artabun da ya yi da Apache a 1877 har ya buɗa wa abokansa hanya bayan an yi musu ƙawanya.

Da jagoran Apache Geronimo ya miƙa wuya a 1886, aikin gadi ya yi sauƙi ƙwarai. A 1899 sai rundunar soja ta mai da barikin asibitin masu tarin fuka, don likitocin lokacin sun ɗauka busasshiyar iskar tuddai magani ce. Gwamnatin jihar New Mexico ta karɓi wurin a 1965.