Ina Ruwan Mai Juna Biyu da Abincin Kaji?

Uwargida, wataƙila ki ce ina ruwanki da abin da kaza ta ci. To, akwai ruwanki ƙwarai.

Masu kiwo da dama kan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, a abinci ko ruwan shan kaji, ba don suna ciwo ba, sai don su yi saurin girma. A cikin hanjin kazar, ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai su yi ta hayayyafa. Daga nan su iso gare mu ta ɗanyen nama da kashin kaji a tsakar gida. Ranar da suka jawo miki ciwon mafitsara, ko suka shiga jinin jaririnki, sai a ba da magani ya ƙi ci. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, ƙwayoyin cuta marasa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Tarayyar Turai ta haramta irin wannan kiwo tun 2006. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buƙaci a daina bai wa lafiyayyun dabbobi maganin haka kawai. Shi ya sa masu bincike suka juya ga tsirrai. Tafarnuwa na da sinadarin alisin, kanumfari kuma yujinol, dukkansu suna danne ƙwayoyin cuta. Ana gwada su, tare da citta da zogale, a abincin kaji. Sai dai ƙarfinsu kan bambanta, kuma ba sa warkar da dabbar da ciwo ya riga ya kayar. Wannan aikin likitan dabbobi ne.

Ga naki aikin. Ki dafa nama da ƙwai su nuna sosai, ki tafasa madara. Ki wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan gyaran kaza. Maigida, idan an yi wa dabba magani, kada a ci namanta ko ƙwanta ko nononta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika, domin dahuwa ba ta kawar da ragowarsa duka.

A kula: kada ki ajiye maganin likita ki koma jiƙo. Ciwon mafitsarar da aka yi wa sakaci kan hau ƙoda, har ya jawo haihuwar bakwaini. Ki sha maganinki yadda aka rubuta miki. Allah Ya sauke ki lafiya.