Yadda Ƙaramar Wuta Ke Narkar da Naman Sa Mai Tauri

A gidajen Amurka akwai wani girki da ya zama ruwan dare, musamman lokacin sanyi. Da sassafe mutum zai sa gundumemen naman sa a wata tukunyar lantarki, ya rufe, ya kama hanyar wurin aiki. Kafin ya dawo da yamma naman ya yi ligif, cokali ma na raba shi.

Wani mutumin Shikago mai suna Irving Naxon ne ya ƙera tukunyar, ya kuma sami takardar mallakarta a 1940. Abin da ya zaburar da shi wani abincin Yahudawa ne da ake barin sa ya kwana a tanda, tun da ba sa hura wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya sayi ƙirar, ya fito da ita kasuwa a 1971 da sunan Crock-Pot, daidai lokacin da matan ƙasar da yawa ke fita aiki.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ba naman tsada wannan tukunya ke so ba. Tsokar gadon baya, wadda ba ta da jijiya, bushewa take yi idan ta daɗe a wuta. Naman da ya dace shi ne na kafaɗa, ko ƙirji, ko sharaɓa, wato gaɓoɓin da suka sha aiki tun saniya na da rai. Waɗannan cike suke da wani sinadari mai tauri da masana ke kira kolajin, shi ne ke ɗaure tsoka da tsoka. Idan aka gasa irin wannan nama da wuta mai ƙarfi cikin gaggawa, tsokar za ta takure ta matse ruwanta, kolajin kuwa yana nan daram, haƙori ya sha wahala. Amma idan zafin ya haura wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, aka bar shi a haka sa'o'i masu yawa cikin laima, sai kolajin ya narke ya koma jelatin. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ya daskare bayan ya huce, to ya ga jelatin da idonsa. Shi ne ke ba naman santsi, ya ba romon kauri.

Haɗin ba shi da wuya. A sami nama kamar kilo 1.5 a dunƙule, a goge shi ya bushe, a shafa masa gishiri da masoro. Sannan a ɗan soya kowane gefe a kasko mai zafi har ya yi ja. Wasu na tsallake wannan mataki, ni kuwa ban ga dalili ba, domin ƙamshin gashi ba ya samuwa sai zafi ya kai wajen digiri 140, abin da tukunyar da ke cike da tururi ba za ta taɓa kaiwa ba. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin sauyin da ke kawo wannan ƙamshi a 1912. A shimfiɗa albasa da karas da dankalin turawa a ƙasa, nama a sama, a jefa tafarnuwa da citta. Ruwa kofi guda ya isa, saboda naman zai fitar da nasa, murfin kuma ba ya barin tururi ya tsere. Sa'a 8 a ƙaramin zafi, ko 4 zuwa 5 a babba. A daure a bar buɗe murfi, don kowace buɗewa tana mayar da dahuwar baya.

Akwai inda sai an kula. Kada a sa naman da ke daskare da ƙanƙara, domin zai daɗe tsakanin digiri 5 da 60, inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Wannan ne ma ya sa tukunyar ke da haɗari a garuruwanmu da ake yawan ɗauke wuta: idan lantarki ya tafi ba kowa a gida, naman ya yini da ɗumi-ɗumi, zubar da shi ya fi alheri. Wanda ba shi da tabbacin wuta ya ɗauki tukunya mai kauri da murfi mai kamawa, ya ɗora kan garwashi kaɗan, yana ƙara gawayi jifa-jifa. Sakamakon ɗaya ne.

Don haka, uwargida, in kin je wurin mahauci, ki ce ya yanko miki kafaɗa, kuma ya bar miki jijiyar da kitsen a jiki.