Yadda Ake Auna Teku: Labarin Jirgin Meteor

Duk wanda ya lura da hadarin damina a ƙasar Hausa ya san galibi daga gabas yake tasowa. Amma yawancin danshin da ke cikinsa iska ce take ɗauko shi daga kudu maso yamma, watau daga babban tekun nan na Atlantika wanda Ikko ke bakinsa. Saboda haka, ko da yake tsakanin Kano da bakin teku akwai ɗaruruwan mil, abin da ke gudana cikin ruwan nan ya shafi gero da dawa, ya kuma shafi makiyayi da garkensa. Wannan takarda za ta bayyana wa Hakimai da malamansu yadda masana ke fita cikin jirgi su auna gudun ruwan teku da zurfinsa, da kuma amfanin da aunin yake da shi ga talakawan da ke ƙarƙashinsu.

Dalilin Tafiyar

Ruwan teku ba a tsaye yake kamar na tafki ba. Akwai ruwa mai gudu a cikinsa kamar kogi, sai dai ba shi da gaɓa, wani a sama, wani can ƙasa inda hasken rana ba ya kaiwa. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe da sanin na sama, domin yakan kautar da su daga hanya. Akwai ɗaya mai ɗumi da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma ya nufo gabas, ya wuce Ghana ya iso Nijeriya. Akwai kuma mai sanyi, wanda ake kira Benguela, da ke tasowa daga kudancin Afirka ya yi arewa. Na ƙasa kuwa, har bayan Yaƙin Duniya na Farko abin da aka sani game da shi kaɗan ne.

Wani masani mai suna Alfred Merz, shugaban makarantar ilmin teku ta Berlin, shi ya tsara yadda za a binciko al'amarin. Shawararsa ita ce jirgi ɗaya ya riƙa kai da kawowa tsakanin Afirka da Amurka ta Kudu, kamar yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya, yana aune-aune a kan kowane layi. Aka ba shi wani jirgin sojan ruwa mai suna Meteor, mai aiki da kwal, wanda aka ƙara wa manyan zannuwan da iska ke turawa don a rage cin kwal. Jirgin ya tashi daga Wilhelmshaven ta ƙasar Jamus ran 16 ga Afrilu 1925. Ba a yi nisa da aikin ba ciwo ya kama Merz, ya rasu a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina cikin watan Agusta na shekarar. Sai kyaftin ɗin jirgin, Fritz Spiess, ya karɓi shugabanci, almajirin Merz kuma, Georg Wüst, ya ci gaba da aikin aunin ruwa bisa tsarin da malaminsa ya bari.

Aunin Zurfi

A da, in ana so a san zurfin teku, sai a ɗaura ƙarfe mai nauyi a bakin igiya a sake shi, kamar mai zura guga cikin rijiya, har ya taɓa ƙasa. A inda zurfin ya kai mil biyu ko uku, zurawa da jawowa sukan cinye sa'o'i da yawa, ga shi kuma ruwa yakan karkatar da igiyar lissafi ya ɓaci. Jirgin Ingila mai suna Challenger, wanda ya kewaya duniya daga 1872 zuwa 1876, da igiya ya yi aiki, kuma cikin shekara uku da rabi sau 492 ya auna zurfi.

Mutanen Meteor da amsa-kuwwa suka yi aiki. Kowa ya san in mutum ya yi kira a gindin dutse, muryarsa takan dawo masa, kuma gwargwadon nisan dutsen gwargwadon jinkirin amsar. To, haka abin yake a ruwa. Sai na'ura ta buga ƙara a gindin jirgi, ƙarar ta nutsa ta bugi ƙasa ta dawo, a duba tsawon lokacin da ta yi. Ƙara tana tafiyar wajen ƙafa 4,900 cikin sakan ɗaya a ruwan teku, watau kusan mil guda. In amsa ta dawo bayan sakan 6, an san 3 na tafiya ne, 3 na dawowa, zurfin wurin ke nan ya kusa ƙafa 15,000. Ba sai jirgi ya tsaya ba, yana tafe ana aunawa. Ta haka cikin shekara biyu suka auna zurfi wajen sau 67,000.

Da aka jera lambobin nan a takarda sai siffar ƙasan teku ta fito. Ashe ba fili ne shimfiɗaɗɗe ba. Akwai jerin manyan duwatsu da ya ratsa tsakiyar tekun daga arewa zuwa kudu, ya raba shi gida biyu, ɓangaren Afirka da ɓangaren Amurka, tsibirin Ascension ma kan ɗaya daga cikin duwatsun nan ne ya leƙo waje. Can kudu kuma, kusa da tsibiran South Sandwich, suka tarar da wani rami mai zurfin fiye da ƙafa 27,000, watau sama da mil biyar, abin da mai tafiya a ƙasa zai yi kusan sa'a biyu kafin ya cinye.

Aikin Zango

Aunin ruwan kansa ya fi wuya, domin dole jirgi ya tsaya. Cikin layi 14 da suka bi, sun yada zango a wuri 310, kuma a kowane zango aiki iri ɗaya ake yi, ko da rana ko da dare, ko ruwa na kwance ko yana hauka.

Ga yadda ake yi. Akwai doguwar waya ta ƙarfe naɗe a jikin inji. Sai a riƙa sakinta, ana ɗaura mata gorunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da tazara tsakaninsu, kowace gora bakinta biyu a buɗe, da ma'aunin zafi a jikinta. In duk sun isa zurfin da ake so, sai a dakata kaɗan, kāna a saki wani ɗan ƙarfe da ake kira ɗan aike ya bi waya ya gangara. Da ya bugi gorar farko sai ta kife, bakunanta su rufe da ruwan wurin a ciki, zaibar ma'aunin kuma ta yanke ta tsaya inda take, yadda ko an jawo ta ta cikin ruwa mai ɗumi lissafinta ba zai sāke ba. Kifewar nan kuma ita ke sakin wani ɗan aiken ya tafi ga gora ta biyu, haka har ta ƙarshe. In an jawo su sama sai a karanta zafin kowace, a auna gishirin ruwanta, a rubuta tare da rana da sa'a da wuri da zurfi.

Mai karatu zai ce, ina haɗin zafi da gishiri da gudun ruwa? Haɗin shi ne, ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi nauyi, mai gishiri da yawa kuma ya fi mai kaɗan nauyi. Mai nauyi yakan nutse ya malala ta ƙarƙashin marar nauyi. Har wa yau kowane ruwa yana riƙe da zafinsa da gishirinsa na inda ya fito ko ya yi tafiyar dubban mil, kamar yadda ake gane baƙo da harshensa. In aka bi shi zango-zango, sai a san daga ina ya taso, ina kuma ya nufa. Don a tabbatar da lissafin, sau 10 suka jefa anka a tsakiyar teku suka tsai da jirgin cik, suka zura wata na'ura mai farfela wadda ruwa ke juyawa, tana ƙirga saurinsa tana nuna inda ya dosa.

Abin Da Aka Gano

Meteor ya koma gida a farkon Yuni 1927, bayan tafiyar mil 67,500 na teku. Aka shekara da shekaru ana tace abin da ya kawo. Wüst ya nuna ruwan Atlantika hawa-hawa yake. Ƙarƙashin ruwa mai ɗumi na sama, wajen zurfin ƙafa 3,000, akwai mai sanyi marar gishiri sosai da ya fito daga kudu yana tafiya arewa. Ƙarƙashinsa akwai mai gishiri da ya nutse a arewacin tekun yana tafiya kudu. Can ƙasa duka kuma akwai wanda ya fi kowanne sanyi, daga yankin ƙanƙara na Antatika, yana rarrafe arewa har ya haye tsakiyar duniya.

A nan ne amfanin haɗa aunin biyu ya bayyana. Ruwan nan na ƙasa duka ta ɓangaren Amurka yake bi. Ta ɓangaren Afirka akwai wani jerin duwatsu da ake kira Walvis, wanda ya tokare masa hanya kamar madatsa, shi ya sa ƙasan teku daura da Angola bai kai na daura da Brazil sanyi ba. Wanda bai san siffar ƙasa ba, ba zai gane hanyar ruwa ba.

Abin Da Ya Shafi Arewa

Aikin bai tsaya a kan Meteor ba. Fari mai tsanani da aka yi a 1972 da 1973, da kuma na 1983 da 1984, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a Arewa da Nijar da Chadi, ya sa masana suka koma ga kundayen aunin teku. Suka lura cewa a shekarun da ruwan kudancin Atlantika ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, na arewa kuma ya yi sanyi, damina takan tsaya wajen bakin teku, ba ta hawa arewa sosai. Shekarar 1984 tana cikin irin waɗannan. Zafin tekun Pasifik da na Indiya su ma suna da hannu a ciki.

Lakar da ake haƙowa daga ƙasan teku ita ma tana ba da shaida. Ƙurar hunturu da iska ke kwasa daga Sahara tana sauka cikin Atlantika ta kwanta shekara bisa shekara. Lakar da aka haƙo daura da Muritaniya ta nuna akwai zamanin da ƙurar ta ragu ƙwarai, domin Sahara tana da ciyawa da tafkuna, zamanin kuwa ya ƙare wajen shekara 5,000 da suka wuce.

Tun 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka kafa na'urori masu iyo, ɗaure da anka, a wurare dabam-dabam na tsakiyar Atlantika, har da Tekun Gini. Sunan shirin PIRATA, kuma jirage kan fita su gyara su, su yi aune-aune a hanya. Tun wajen 2000 kuma ake sakin wasu na'urorin da ake kira Argo, waɗanda yanzu sun kusa 4,000 a tekunan duniya. Kowace takan nutse wajen ƙafa 6,500, ta taso bayan kwana 10 ta aika da lissafin zafi da gishiri ta tauraron ɗan'adam. Duk da haka, ƙasan tekun duniya da aka auna sosai bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Irin wannan lissafi yana cikin abin da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, take dubawa kafin ta fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hasashe ba alkawari ba ne, amma wanda aka ce masa damina za ta makara ko za ta ɗauke da wuri yana da damar neman iri mai saurin nuna, ya kuma yi tattalin abin da ke rumbu. Ya kamata Hakimai su nemi hasashen nan daga ma'aikatan gona, su isar da shi ga dagatai da masu unguwa tun kafin shuka. Malaman Hakimai kuma su kiyaye rubuta ranar da ruwan farko ya sauka a gundumarsu, da ranar shuka, da ranar da ruwa ya ɗauke, kowace shekara ba fashi, ba kuma cike gurbi da ka. Abin da mutanen Meteor suka rubuta a zangonsu har yau masana na gwama shi da aunin yanzu don su ga yadda teku ya sāke, kuma dalilin da ya sa yake da amfani bayan shekara ɗari shi ne an rubuta shi daidai, da rana da wuri.