Kafin Ku Biya Kuɗin Gida a Kaduna

'Yan'uwa manoma, sau da yawa mukan ga mutum ya sayar da shanunsa ya sayi gida a Kawo ko Malali, daga baya wani ya fito da takarda ya ce nasa ne. Ku sani, bisa ga Dokar Filaye ta 1978, filin birni yana hannun Gwamna, ba ya sauya hannu sai da yardarsa. Dillali kuwa la'adarsa yake nema. Saboda haka ku je ofishin KADGIS ku bincika sunan da ke kan takardar. Ku ga mai gidan ido da ido. In gidan gado ne, magada duka su sa hannu a gaban shaidu. Sa'an nan ku biya.