Kunnen Doki Kafin Jahi

Idan Sallah ta matso, da la'asar sakaliya za ka ga samarin Gwammaja sun fito kilisa a gindin Dala. Yawancin masu kallo sirdi da likkafa suke duba. A barga kuwa kunne ake fara dubawa.

Dokin da ya saki kunnuwansa gefe, leɓen ƙasa ya rataya, ya ɗage kofaton baya ɗaya, gyangyaɗi yake yi a tsaye, zuciyarsa tana bugawa kamar sau 30 zuwa 40 a minti. Ka ja ragama, sai ya ga dama. Can sai ya juya kunne ɗaya wajen mahayi, ɗaya wajen hanya. Nan ne yake jin ko motsin diddige. In kuwa 'yan bindiga sun saki albarushi, ya buɗe hanci, farin idonsa ya bayyana, to hankalinsa ya bar mahayi ya koma neman mafita. A sukuwa bugun zuciyar nan yakan wuce 200. Sauri ya haifi nawa: sai tutsu, sai tirjiya.

A 1908 wasu masana biyu a Amurka, Yerkes da Dodson, suka gwada ɓeraye da ɗan jan lantarki. Suka ga in aikin mai wuya ne, matsakaicin tsikari ya fi sa su koyo. In ya yi yawa, sai su rikice. Shamakin Sarki bai jira wannan ba. Kilisar nan ita ce makarantar: a saba wa dabba da kalangu, da algaita, da cinkoso, don ranar Hawan Daushe ta zo a guje gaban Gidan Rumfa ta kuma tsaya cak idan an ja linzami. Doki ɗaya a fage gudu gare shi. Gwaninta sai a tsakiyar taro.

Tsofaffi sukan ce doki yana ganin aljanu, shi ya sa ake rataya masa layu. Amma dai idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan kewayensa duka in ban da daf da goshi da bayan wutsiya, don haka yakan zabura da abin da mahayi bai gani ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yaron da ke amsa wannan zabura da kaimi da bulala. Tsoro yake ƙara wa dabbar da tsoro ya riga ya cika.