Zaman Rubutu a Aji Shida

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. A nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Amma abin da ya fi jan hankalina ya zo daga baya: a 1936 Imam ya je Zariya ya yi watanni tare da East, yana rubutu, East yana dubawa, su tattauna, a gyara. Da haka aka haifi Magana Jari Ce.

Irin zaman nan na ke yi da 'yan aji shida kowace Alhamis. Ba na rubuta kome a allo. Yaro ya zo da labarinsa, ya karanta a tsaye, sauran su yi masa tambayoyi. Wata yarinya ta rubuta ranar da akuyarsu ta ɓace. Wani ya ce, "To, wa ya bar ƙofa buɗe?" Ta yi tsit. Ashe ita ce! Da ta sake rubutun ta sa wannan ciki, har da tsoron da ya hana ta cin tuwo daren nan, sai labari ya tashi. Shekaruna nawa ina jan layi da jan biro, ban taɓa koya wa yaro haka ba.

Gaskiya yana cin lokaci, yara biyar kaɗai ke samun karantawa a rana, wasu iyaye kuma suna gunaguni wai ba ya cikin jarrabawa. Ni dai roƙona, in ɗanku ya kawo takardarsa gida, ku bar shi ya karanta muku bayan abincin dare. Ku tambaye shi abin da ya faru daga nan. Kuskuren haruffa ku bar mini.